Sara Naka, Rauni Nawa

Jama'a, akwai wani irin faɗa a intanet da ba shi da maki, ba shi da ɗan lido, ba shi da kwamfutar da ke yanke hukunci, kuma tun da na ɗanɗana shi na kasa rufe bakina! Mutum biyu ne ko fiye, kowa da jaruminsa, suna gwabzawa da zallar rubutu, amma wallahi sai ka ji tafin hannunka ya jiƙe da gumi.

Na daɗe ina buga wasannin kwaikwayo irin na Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowa ya ƙirƙiri jarumi, ya ba shi suna da hali da makami, jagoran wasa kuma ya riƙe duniyar da ake yawo a cikinta. Da zarar faɗa ya kaure, sai lissafi ya karɓi ragama. Ka jefa ɗan lido mai fuska 20, ka haɗa da makin gwanintar jaruminka, a gwada da lambar sulken abokin gaba. In ta kai, ka sake jefa wani don a san girman ɓarnar, a cire daga makin ransa. A dokar wasan ta yanzu, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne kacal a rayuwar jaruman, amma mu masu riƙe da waya mukan raba dare muna tarawa da ɗebewa kafin dodo ɗaya ya faɗi. Ina son wasan nan har gobe. Sai dai a tunanina, faɗa ba ya yiwuwa sai da wannan awo.

Ana nan sai wani abokin wasa ya ja ni wani zaure a manhajar hira ta Discord inda ba a jefa komai. Aka haɗa ni da wata mai wasa da ban san ko a wace ƙasa take ba. Jarumarta tsohuwar mai gadin gada ce, nawa kuwa matashin ɗan aike ne da dole ya haye kafin asuba. Na rubuta cewa yaron ya yi kamar zai sari kafaɗarta, sai ya karkatar da takobin zuwa cinyarta ta hagu, inda ya lura tana ɗingishi. Na tura, na zauna ina jiran ta ce ta goce, don waye zai yarda a sare shi alhali babu mai tilasta masa?

Amsarta ta shigo. Ta rubuta cewa tsohuwar ta ga yaudarar, amma gwiwar da ta karye tun yaƙin ƙuruciyarta ta ƙi ba ta haɗin kai. Takobin ya shige ta. Ta durƙusa, jini na bin katakon gadar, ta kai hannu ɗaya za ta kama rigar yaron, ɗaya hannun kuma ya nufi igiyar da ke riƙe da gadar da wuƙa tsirara.

Na miƙe tsaye! Ta karɓi saran da kanta, da son ranta, kuma da raunin nan ta jefa ni cikin tsaka mai wuya: in ƙarasa ta mu faɗa kogi tare, ko in yar da takobi in riƙe hannunta? Babu ɗan lidon da ya taɓa yi mini irin wannan tambaya.

A nan sirrin yake, kuma doka ɗaya ce tak ke riƙe da shi: kai ka rubuta yunƙuri, mai jiki ya rubuta sakamako. Kana da ikon cewa ka kai sara, ba ka da ikon cewa ya kama. Abubuwa uku ne ake ƙyama a irin waɗannan zaurukan. Na farko, jarumin da ba a taɓa samunsa, kowane hari ya kauce, kowane sihiri ya karye a jikinsa. Na biyu, ka rubuta wa jarumin wani abin da ya yi ko ya ji. Na uku, ka ɗauki abin da kai ka karanta ka cusa a kan jaruminka alhali shi bai gani ba. A wurare da yawa ma ba a kashe jarumi sai mai shi ya amince, kuma kullum akwai ɗakin hira na gefe inda 'yan wasa ke tuɓe rigar jarumta su tambayi juna, "Ka yarda ya rasa hannun?" Abin ya tuna mini da sharon Fulani, inda idon taro yake kan wanda ya buɗe ƙirji ya karɓi bulala, shi ake yi wa guɗa.

Da na bi sawun abin, sai na tarar gardamar ko faɗa na buƙatar lissafi ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1824 wani hafsan soja na Furushiya, tsohuwar masarautar Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, da ɗan lido da jadawalin lissafin asara. Rundunar ta karɓa, amma dokokin suka yi wa hafsoshi da yawa nauyi. A 1876 sai Julius von Verdy du Vernois ya kawo shawarar a ajiye jadawalan, a bar gogaggen alƙali da ya san yaƙi ya yanke abin da zai faru. Ka ji fa, sojoji ne da kansu suka fara gajiya da lissafin!

A duniyar kwamfuta ma haka aka rabu. MUD na farko, wasan rubutu da mutane da yawa ke shiga tare, wanda Roy Trubshaw ya fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle ya ci gaba da shi, wasa ne na kisa da tara maki. A 1989 James Aspnes ya saki TinyMUD, wanda ya mayar da hankali kan hira da gina wurare, kuma daga zuriyarsa aka sami duniyoyin MUSH inda mutane ke rubuta motsin jarumansu jimla bayan jimla. A shekarun 1990 masu amfani da kamfanin intanet na AOL suka cika ɗakin hirar Red Dragon Inn suna irin wannan wasa. A 1991 kuma Erick Wujcik ya fitar da Amber, wasan da babu ɗan lido a cikinsa sam: wanda ya fi ƙarfi shi ke nasara a faɗan gaba da gaba, saboda haka mai rauni dole ya nemi dabara a cikin labarin, ya canza fili, ya kashe fitila, ya sayi mai gadi.

To, in mutum biyu suka ƙi faɗuwa fa? Yana faruwa, kuma na gani da idona: sakin layi bayan sakin layi, kowa na gocewa, har masu kallo suka watse. Ɗan lido ba ya son kai, ba ya jin kunyar kowa, yana kare mai sanyin baki daga mai kaifin alƙalami, kuma yana kawo ba-zata. Wannan gaskiya ce. Shi ya sa wasu zaurukan ke naɗa alƙali, wasu su yarda da wanda zai ci tun kafin a fara, wasu su jefa ɗan lido sau ɗaya in an cije. Amma babban mai hukunci a nan shi ne suna. Wanda ba ya karɓar sara, sannu a hankali zai nemi abokin faɗa ya rasa. Wanda ya iya faɗuwa da kyau kuwa, layi ake bi don a kara da shi.

Abin da ya kama ni ke nan har ƙashi. Dokoki an yi su ne don mutanen da ba lallai su yarda da juna ba, wannan kuwa an gina shi kacokan a kan amana. Kana miƙa wa baƙo jarumin da ka yi rainonsa, shi ma ya miƙo maka nasa, kowa na neman yadda zai sa ɗan'uwansa ya haskaka.

Don haka duk mai son littattafan yaƙi, duk wanda ya taɓa karanta artabu ya ce da ni ne da ba haka zan yi ba, ga fili ga mai doki. Waya kawai kake buƙata da aboki ɗaya mai son labari. Ku zaɓi wuri, ku zaɓi abin da kowa zai rasa in ya faɗi, ku yarda cewa mai jiki shi ke faɗin rauninsa. In saran farko mai kyau ya zo maka, kar ka goce. Karɓe shi, ka rubuta zafinsa, ka ga abin da abokinka zai yi da shi!