Kwamfutocin da ke cikin tanki a Quincy

Quincy ƙaramin garin manoma ne a jihar Washington ta Amurka, busasshiyar ƙasa da sai da ban-ruwa ake noman dankalin turawa da tuffa. Wanda ya taso a Itas kamar ni ba zai yi mamakin fako ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne manya-manyan gine-gine marasa taga a gefen gonaki: cibiyoyin ajiyar bayanai na Microsoft da wasu kamfanoni. Arhar wutar lantarki daga madatsun Kogin Columbia ce ta jawo su.

A nan ne Microsoft ya sanar a 2021 cewa ya tsoma kwamfutoci tsundum cikin tankin ƙarfe, suna aiki a nutse. Ruwan tankin haɗin sinadari ne da lantarki ba ya bi ta cikinsa, kuma yana tafasa a digiri 50 kacal. Da na'ura ta ɗau zafi sai ya tafasa, tururin ya tashi ya taɓa sanyayyun bututai a murfin, ya koma ruwa ya zubo. Duk wanda ya san taransifomar unguwa cike take da mai don kada ta ƙone ya riga ya kama bakin zaren. Dabarar ma ta daɗe. A nutse cikin ruwan sinadari aka riƙa sanyaya babbar kwamfutar Cray-2 ta 1985.

Hankalina dai na gida. A watan Afrilu zafin Itas da Azare yakan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta cika ko'ina. Fankar kwamfuta zuƙar ƙurar nan take yi, na'urar sanyaya ɗaki kuwa ta lanƙwame wuta da man janareta. Tanki a rufe yake, ƙura ba ta da hanyar shiga.

Sai dai sinadarin mai tafasa daga dangin PFAS yake, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, har kamfanin 3M ya sanar a 2022 cewa zai daina yin su. Ba zan so su kusa da Kogin Jama'are ba. Na fi karkata ga ɗaya hanyar: mai wanda ba ya tafasa, famfo na zagaya da shi yana fitar da zafin. Da shi aka sanyaya TSUBAME-KFC a Tokiyo, wadda a 2013 ta zo ta ɗaya cikin manyan kwamfutocin duniya wajen tsimin wuta.