Masu Jinya a Ƙasar Gwarzo da Kabo

 A wannan mako labarin yammacin Kano zan ba ku, da na waɗansu mata da ba a cika tunawa da su ba.

Mai zuwa Gwarzo daga birni yakan wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero, ya bi ta Janguza da Rimin Gado, ya ratsa Garo, wadda ke cikin ƙasar Kabo. Tafiyar ta ɗara mil 40 kaɗan. In an zarce gaba sai a shiga ƙasar Katsina ta wajen Dayi. Ƙasa ce ta manoma. Da kaka, ko'ina ka duba sai dawa da gero da masara da gyaɗa, ga jakai da babura suna ta jigilar dami. Da rani kuwa maza da yawa sukan tafi ci-rani, a bar mata da yara da tsofaffi.

To, a nan maganarmu take. A gidajen da na shiga a Kabo da Getso da Gwarzo, da wuya a rasa wanda ake jinya: ko tsohon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko tsohuwar da idonta ya tafi, ko yaro mai amosanin jini, watau sikila. Wa ke ɗawainiyarsu? Matar gida ce, ko suruka, ko 'ya. Ita ce mai dama kunu da asuba, ita ce mai wankin tsumma, ita ce mai ɗaga marar lafiya zuwa bayan gida. Ga girki, ga goyo, ga ɗiban ruwa. 'Yar sana'ar da take yi a cikin gida, ko ƙuli-ƙuli ko saƙar tabarma, sai ta tsaya cik, jarin ya tafi wajen sayen magani.

In ciwo ya yi tsanani akan kai mutum Babban Asibitin Gwarzo. In ya gagara a wuce Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Amma a ƙasarmu duk inda aka kwantar da mutum, sai da ɗan'uwa a gefensa. Mai jinya ta bar ɗakinta da 'ya'yanta, ta ɗauki tabarma da buta, ta kwana a ƙasa ko mako nawa ne. Masu dubiya su zo da lemo da ayaba, su ce wa marar lafiya sannu, ita kuwa ko a tambaye ta ko ta rintsa.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata. Kaka ta kwanta, uwa aiki ya yi mata yawa, sai a ce 'yar makaranta ta zauna gida "kwana biyu." Kwana biyu ya zama zango guda, jarrabawa ta wuce, karatu ya ƙare ke nan. Iyaye, ku dubi Allah. Yarinyar da kuka bari ta gama karatunta, wataƙila ita ce malamar asibitin da za ta duba ku gobe.

Wannan wahala ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da aikin kula da mutane, domin a ko'ina cikin duniya mata ne ke ɗauke da mafi yawansa, ba tare da an biya su ko kwabo ba.

Me mai jinya take bukata? Na farko sani. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi bayan kowace awa 2, a kula shimfiɗarsa ta zama busasshiya, don kada gyambo ya fito masa a ƙugu da dugadugai. Kada a ba shi abinci yana kwance. A jingina shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, don kada ya ƙware. Mai hawan jini kada ya bar shan magani wai don ya ji sauƙi, kuma a rage masa gishiri. Yaro mai sikila a ba shi ruwa da yawa, a rufe shi da hunturu, ya kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya kama shi a kai shi asibiti ran nan. In za ki ɗaga babba, ki durƙusa ki miƙe da ƙarfin ƙafafunki, kada ki sunkuya, kuma ki kira mai kama miki.

Na biyu kuɗi. Tun 2016 Jihar Kano ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ake kira KSCHMA. Maigida ya je asibitin da ke kusa ya tambayi yadda ake shiga, tun ciwo bai zo ba.

Na uku kuwa, wanda ya fi duka, hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu mata mun iya adashi, to, me zai hana a yi adashin jinya? 'Yan'uwa su zauna su raba kwanaki: wance Asabar da Lahadi, wance Litinin. Wanda ke nesa ya aiko da kuɗi ran da aka yanka masa, ba sai an roƙe shi ba. 'Ya'ya maza su ma su karɓi wankan mahaifinsu da kwanan dare, ba abin kunya ba ne. Maƙwabciya ta ce, "Yaya, kawo wankin nan, ki je ki ɗan kwanta." Kada kunya ta hana mai jinya cewa ta gaji, domin in ta faɗi, marasa lafiya sun zama biyu.

Saboda haka, in za ku dubiya, ku riƙe kwano biyu, ɗaya na wanda ke kwance, ɗaya na wadda ke tsaye a kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.