Ƙanina, allon ruwa da farin shak

Makon jiya ƙanina da ke karatu a Perth, can yammacin Ostareliya, ya turo bidiyo a guruf ɗin gida: ga shi tsaye a kan allo yana bin igiyar teku, yana dariya. Hajiya ba ta yi barci ba a daren. Da asuba ta kira ni: "Kai ne babba, ka hana shi. Wannan ruwan ai akwai kifin da ke cin mutane."

To, ni aikin gwamnati ya koya min abu ɗaya: kafin ka sa hannu, ka duba fayil. Sai na zauna na duba.

Tsoron Hajiya ba banza ba ne. Babban farin kifin shak yana kashe mutane, kuma masu hawa allo na cikin waɗanda ya fi samu. Wanda ya ga yadda ya far wa Mick Fanning a gasar Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu a 2015, kai tsaye a talabijin, ya san ba wasa. Amma ma'ajiyar bayanan hare-haren shak da ke Florida ta lissafa cizo 69 a duk duniya a 2023, irin wanda ba mutum ne ya tsokano ba. Mutum 10 suka mutu, huɗu a Ostareliya.

Rigimar da suke yi a can ita ce: kifin ya ƙaru ne ko kuwa? Masunta da masu wasan ruwa da yawa na cewa tunda aka hana kashe shi ya cika teku. Hukumar bincike ta CSIRO kuwa, a 2018, ta ƙiyasta manya kusan 1,460 ne a kudu da yammacin ƙasar, kuma ba ta ga alamar suna ƙaruwa ba. Abin da ya ƙaru shi ne masu shiga ruwa, da wayoyin da ke ɗaukar kowane shak da ya leƙo.

Inda abin ya taɓa ni a matsayin ma'aikaci shi ne 2014. Jama'a sun fusata, gwamnatin jihar ta ce dole a ga tana wani abu, aka jera ƙugiyoyi da nama a teku. An kama shak 172. Farin shak ɗin da ake nema fa? Ko ɗaya babu. Wallahi na sha zama a taron da aka yanke irin wannan hukunci, don dai a rufe bakin mutane.

Na'urorin korar shak ma sai an tantance. A gwajin Jami'ar Flinders, wadda ke fitar da lantarki daga allo ta rage ɗaukar nama daga kashi 96 zuwa 40 cikin ɗari. Abin hannu mai maganaɗisu da kakin shafawa ba su taɓuka wani abin kirki ba. Kashi 40 ɗin nan ma ba kaɗan ba ne, na sani.

Ban hana shi ba. Na ce ya sayi ta lantarkin, tunda jiharsu na mayar da dala 200 daga kuɗin, kada ya shiga shi kaɗai, kuma in an busa jiniya ya fito ba gardama. Hajiya ta saurari lissafina tas, sannan ta ce, "Su goman nan da suka mutu, ba su da uwaye ne?" Har yanzu ban ba ta amsa ba.