Ranar da na rubuta sunana a otel

Bari in ba ka labarin ranar da karatun manya ya fid da ni kunya.

Ni manomin tattasai ne a bakin Komadugu, ƙasar Maine-Sorowa. Wata shekara ƙungiyarmu ta manoma ta aike mu taro a Yamai, ni da wani dattijo, Baba. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,200. Muka bi ta Gure, Damagaram, Maraɗi, Ƙonni da Doso. Masu taro suka sauke mu a Grand Hôtel, tsohon otel ɗin nan na kan tudu a bakin kogin Isa.

Ka san al'adarmu. In baƙo ya yi sallama, sai a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma. Ba mai tambayarsa takarda. A otel kuwa ba wanda ya san ubanka. Ma'aikacin ya miƙo mana takarda da biro, ya ce kowa ya cika.

Gabana ya faɗi, don da Faransanci take. Ya nuna mini layi, ya ce: "Nan suna, nan gari." Ashe baƙaƙen su ne namu na aji! Hannuna yana rawa na rubuta sunana da na garinmu.

Baba ya fi ni gona, ya fi ni shanu, amma ya tsaya yana juya biro. Ya ce a hankali: "Ɗana, taimake ni." Na rubuta masa. Na karanta lambar mabuɗinsa, na kai shi har ƙofar ɗakinsa.

Da maraice muka zauna a farfajiya muna kallon ruwa. Faɗinsa ya fi na Komadugu nesa ba kusa ba. Motoci da mutane suna ta ƙetare gadar Kenedi, wadda aka gama a 1970. Baba bai taɓa shayinsa ba. Can ya ce: "Yau na zama yaro a hannunka. In mun koma, ka kai ni ajinku."

To, ɗan'uwa, kada ka rena baƙaƙen da kake koyo da dare bayan gajiyar gona. Wata rana za ka sauka inda ba a san ka ba. Ran nan hannunka ne zai faɗi sunanka.