Docker da gidan haya: maganin "ai a tawa yana aiki"

1/ 'Yan uwa masu koyon rubuta manhaja, ku matso. Ba maganar da ke haɗa abokan aiki faɗa kamar "ai a kwamfutata yana aiki". Ga yadda muka rabu da ita. 🧵

2/ Mu uku ne muke haɗa manhajar lissafi ta masu shaguna, a nan Unguwar Sarki, kusa da Masallacin Sultan Bello. Abu uku ke tafiyar da ita: Node.js, da PostgreSQL mai ajiye bayanai, da Redis mai riƙe abin da ake yawan nema.

3/ Matsalar, kowa da sigar da ya girka. Aiki ya tashi a wajena, ya ƙi a wajen abokina. Mai aiki kuwa wa'adi kawai ya sani, in ya wuce ya nemi wasu.

4/ Sai muka koma Docker, wanda ya fito a 2013. Ku ɗauke shi kamar gidan haya: kowa da ɗakinsa da kayansa, amma rijiya ɗaya. Kowace manhaja tana cikin kwantenarta, duka suna ɗiba daga Linux ɗaya.

5/ A fayil ɗaya, compose.yaml, muka rubuta 'yan hayan uku da sigar kowanne. Ka buga docker compose up, duk su tashi tare, iri ɗaya a kowace kwamfuta.

6/ Amma fa yana shan data. Dabararmu: mutum ɗaya ya sauke, ya yi docker save a filash, saura su yi docker load. Ku kuma nemi sigogin da aka gina kan Alpine, sun fi ƙanƙanta sosai.

7/ Hattara: in aka goge kwantena, ɗan haya ya tashi da kayansa ke nan. Ku ba PostgreSQL volume mai suna, shi ne sito, bayanai su zauna ko an rushe ɗakin.

8/ Mai kwamfuta mai RAM 4GB, Docker a Windows zai wahalar da kai, don sai ya kunna Linux a ciki tukuna. Ka sa Ubuntu, za ka ga bambanci.

9/ Yanzu in sabon yaro ya shigo, ba ya kwana biyu yana girke-girke. Filash, umarni biyu, ya fara aiki. Ku gwada da ƙaramin aikinku na yau. Wanda ya maƙale ya yi magana, mu duba tare.