Wasiƙar Da Ba Ta Iso Rido Ba



Yawancinmu a bakin 'yan siyasa muka fara jin kalmar kiranye, musamman lokacin da aka yi yunƙurin dawo da Sanata Dino Melaye gida daga majalisa, maganar da ta wargaje a 2018. To ashe ba ɗan majalisa kaɗai ake yi wa kiranye ba, har mota ana yi mata. A Amurka, idan aka gano wani samfurin mota ya fito daga masana'anta da lahanin da zai iya jawo asarar rai, doka ta wajabta wa kamfanin ya rubuta wa duk mai motar wasiƙa, ya faɗa masa abin da ya lalace, ya ce ya kawo a gyara kyauta. Adireshin da ke cikin rajistar motar shi ake bi. Hukumar da ke sa ido a kan wannan ita ce NHTSA, mai kula da lafiyar ababen hawa a can.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, da yawa daga cikin motocin da aka rubuta wasiƙun nan a kansu yanzu ba sa Amurka. Suna nan tare da mu. Suna bin titin Kachia, suna tsayawa a Mararraban Rido, suna kai yara makaranta a Sabon Tasha, da dare kuma suna kwana cikin gidajenmu. Motar ta iso, wasiƙar ba ta iso ba.

Mu da muka tashi a Rido ba baƙin mai ba ne. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, maƙwabciyarmu ce, har ma tana da sashen da aka gina musamman don sarrafa man shafawa na injuna. Mun girma muna ganin tankoki, muna jin warin mai, muna taka ƙasar da ya ɓata. Wataƙila shi ya sa baƙin tabo a ƙarƙashin mota ba ya ɗaga wa kowa hankali a nan. Mai mota zai fito da safe ya ga ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, sai ya sa yaro ya watsa yashi a kai. Mai tsafta ya shimfiɗa kwali. A but kuma akwai galan na ciko, duk bayan kwana biyu a ƙara. An ɗauki yoyon mai tamkar furfura, wato alamar tsufa ce kawai, ba ciwo ba.

Amma bari mu ga abin da ɗigon nan ya yi a wani wuri. A watan Oktoba na 2015 kamfanin General Motors ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 1.4, cikinsu har da Chevrolet Impala da Pontiac Grand Prix da Buick Regal masu inji 3.8. Matsalar ba wata babba ba ce a ido. Gaskit ɗin murfin saman inji ne yake lalacewa, sai baƙin mai ya riƙa tsattsafowa. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, sai ɗigon ya faɗa kan bakin salansa inda ya haɗu da inji, wurin da ya fi ko'ina zafi. Daga nan wuta ta kama, ta bi robar da ke riƙe da wayoyin fulogi, ta ci inji. Wani abin tsoron shi ne, da yawa daga cikin gobarar sun tashi ne bayan an kashe mota an shige gida. Kuma wannan ba shi ne kiranyen farko ba, an yi a 2008 da 2009, amma duk da gyaran da aka yi motoci sama da 1,300 suka sake kamawa da wuta.

Mai karatu zai iya cewa waɗannan motocin ba su da yawa a Kaduna. Gaskiya ne. To mu zo kan waɗanda muke gani kullum. A 2015 kamfanin Hyundai ya yi kiranyen Sonata 470,000 ƙirar 2011 da 2012. Wajen ƙera injin a masana'antarsu ta Alabama an bar ɓarɓashin ƙarfe a ciki, shi kuma yana toshe hanyar da baƙin mai ke bi. Inji in ya rasa mai sai ya buga, in ya buga da ƙarfi yana iya huda jikinsa, mai ya watsu kan ƙarfe mai zafi. Wani injiniyan kamfanin mai suna Kim Gwang-ho ya ga cewa lahanin ya wuce motocin da aka ambata, sai ya tashi daga Koriya ta Kudu ya tafi Washington a 2016 ya kai wa hukuma takardu. A 2017 aka faɗaɗa kiranyen, ya haɗa da motocin Kia irin su Optima da Sorento da Sportage. A Nuwamban 2020 aka ɗora wa kamfanonin biyu hukuncin da ya kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa, shi kuma injiniyan aka ba shi tukwicin sama da dala miliyan 24 a 2021.

Ba a nan aka tsaya ba. A farkon 2019 an kira Hyundai Tucson kusan 120,000 ƙirar 2011 zuwa 2013, saboda kaskon da ke ƙarƙashin inji, inda baƙin mai ke taruwa, yana yoyo. Sannan a watan Satumba na 2023 kamfanonin biyu suka yi kiranyen motoci sama da miliyan 3.3, har da Elantra da Accent da Tucson da Optima da Sorento da Rio na wasu shekaru. Wannan karon man birki ne ke tsiyaya a cikin na'urar ABS, ya taɓa wayoyin lantarki, wuta ta tashi ko da motar tana ajiye a kashe. Abin da aka faɗa wa masu motocin a fili yake: kafin a gyara, a ajiye mota a waje, nesa da gini.

Kada a ɗauka kushe muke yi wa wani kamfani. Babu babban kamfanin mota da bai taɓa yin kiranye ba. Toyota da Honda, waɗanda muka fi yarda da su a nan, suna cikin waɗanda matsalar jakar iska ta Takata ta shafa. Kiranye alama ce ta cewa akwai mai bibiya. Abin da ya dame mu shi ne inda bibiyar take tsayawa.

Iyayenmu sun ga lokacin da ba haka abin yake ba. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, nan kudancin kogi, tafiyar da ba ta da nisa daga Rido. Wanda ya sayi 504 sabuwa ya san ƙofar da zai buga idan wani abu ya samu. Yau kuwa motar da talaka ko matsakaicin ma'aikaci zai iya saye ita ce wadda muke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano. Ta yi shekaru a hannun wani a ƙasar waje, wata ma ta yi haɗari an sayar da ita a gwanjo, ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, ta bi hannun dillali biyu ko uku kafin ta iso. Dokar tarayyar Amurka ba ta hana sayar da tsohuwar mota da ba a yi mata gyaran kiranye ba. Saboda haka wasiƙa tana can tana neman mutumin da ya daɗe da rabuwa da motar, mai ita na yanzu kuma yana nan Rido bai san an taɓa yin maganar ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai kuma a dubi inda motar take kwana. A can an ce a ajiye ta nesa da gini. A nan wa zai bar motarsa a waje da dare? Ana shigar da ita tsakar gida a kulle get, sau da yawa jikin tagar ɗakin da yara ke kwana, gefe ga janareta, ga jarkar fetur, wani gidan ma ga tukunyar gas a kusa. Ƙofar fita ɗaya ce, kuma motar ce a bakinta. Idan wuta ta tashi da ƙarfe biyu na dare a irin wannan gida, kafin motar kashe gobara ta ratso lungunanmu, Allah kaɗai ya san abin da za ta tarar. Washegari za a ce tsautsayi ne, ko a ce waya ce ta haɗu. Ba wanda zai tuna da kwalin da ya yi wata shida yana shan baƙin mai.

Akwai wani dattijon bakanike da mukan zauna a garejinsa idan mun je gyaran mashin. Mun taɓa tambayarsa, muka ce, "Baba, wai yoyon baƙin mai yana iya ƙona mota?" Sai ya ce mu duba inda man yake sauka. Idan ƙasa yake ɗiga kai tsaye, aljihu yake ci, kuma wata rana zai ci inji. Idan kuwa kan salansa yake sauka, har kana jin ƙauri ko kana ganin siririn hayaƙi daga bonet bayan ka tsaya, to wannan motar ba ta kwana a gida. Ya ƙara da cewa masu mota da yawa sun san da yoyon, kuɗin gyaran ne suke jin nauyi, sai su ce masa ya shafa gam kawai. Mun fahimce su. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ya iya zuba fetur ma ya yi ƙoƙari. Amma kuɗin gaskit da na aiki ba za su taɓa kai kuɗin inji ba, balle na gida, balle rai.

To mene ne abin yi, tunda wasiƙar ba za ta zo ba? Sai mu je mu same ta. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba da cikin takardun mota. Idan motar ta fito daga Amurka ne, a shiga shafin NHTSA a intanet, a rubuta lambar a wurin binciken kiranye. Kyauta ne, kuma wayar hannu ta wadatar. Zai nuna ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar gyaransa ba. A lura, motar da aka ƙera don kasuwar Turai ba za ta fito a wannan shafin ba, sai a nemi shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Wani zai ce, ina amfanin sani tunda gyaran kyautar dokar Amurka ce, ba ta biyo motar ta tsallako teku ba? Amfaninsa da yawa. Wanda ya sani kafin ya saya yana iya fasawa, ko ya sa a rage masa kuɗi. Wanda ya riga ya saya zai je wa bakanike da sunan abin da ke da lahani, maimakon a yi ta lalube ana canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Zai je Panteka ya san abin da yake nema. Ko ba komai, zai san cewa bai kamata motar ta kwana jikin ɗakin 'ya'yansa ba har sai an gyara.

Sannan a mallaki tukunyar kashe gobara ta gaske, mai aiki, ba wadda ake ajiyewa don a nuna wa jami'an kiyaye haɗurra a hanya ba. Idan aka ga hayaƙi ana tafiya, a gangara gefe, a kashe inji, a fitar da kowa a matsa nesa. Kada a wangale bonet, domin iskar da za ta shiga ita ce abincin wutar. Kada a watsa ruwa a wutar mai, yashi ya fi shi. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Hukumomi ma akwai nasu. Tun 2022 kwastam ke amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta harajin motocin da ake shigowa da su. Lambar da ake dubawa don a karɓi kuɗi, ita ce dai za a duba a san ko motar tana da kiranye. Me zai hana a buga wa mai shigo da ita sakamakon a jikin takardarsa? Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, muna da hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, muna da jami'an VIO. Idan aka yi kiranyen miliyoyin motoci irin waɗanda suka cika titunanmu, ya kamata a ji sanarwar a rediyo da Hausa, da sunan mota da shekararta, yadda direban da ke lodi a tasha zai ji ya gane tasa ake nufi.

Kafin su yi, mu muna da waya, muna iya karanta Turancin da aka rubuta bayanan da shi, kuma kowannenmu yana da uba ko kawu ko yaya ko maƙwabci mai mota. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A makon nan kowa ya nemi mota ɗaya a gidansu ko a layinsu, ya duba lambar shasinta, ya leƙa ƙarƙashinta da safe, ya faɗa wa mai ita abin da ya gani cikin ladabi. Wanda ya gwada ya dawo nan ƙasa ya ba mu labarin abin da ya tarar, da irin motar da shekararta, don wasu su amfana.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, a gida da kan hanya.