Lambar da ba ta gogewa

Ka tuna abin da ya kawo ka kwas ɗin yaƙi da jahilci? Duk shekara, ranar buɗa aji, sai na yi wa ɗalibaina wannan tambaya. Wani ya ce don kada a cuce shi wurin awon albasa. Wata ta ce don ta gane takardar likita. Amma amsar da na fi ji ita ce ta rufin asiri. A da, in ɗanka ya tafi bida Abijan ya aiko wasiƙa, sai ka kai wa ɗan lakkol ya karanta maka. Kafin magariba duk gari ya san jikka nawa aka aiko. Yau wasiƙa ta yi ƙaranci, amma saƙon kuɗi na shigowa cikin waya, kuma wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wa wani.

Ni ma haka nake faɗa musu: ku koyi karatu, asirinku ya zauna hannunku. Bara wani dattijo ya nuna mini cewa maganata ba ta cika ba.

Baba nake ce masa, don ya girmi mahaifina. Wata shidda ya yi a kwas, hannunsa ya faɗa, har yana rubuta tambaya a intanet da kansa. Yana da wani ciwo da ba ya son a sani. Da dare, shi kaɗai, ya nemi bayanin maganinsa cikin waya. Bayan kwana biyu jikansa ya ari wayar don ya duba labarin kokowa, sai ga tallan maganin nan ya fito a gefen shafi. Yaro ya karanta da ƙarfi a tsakar gida.

Da aka tashi daga aji sai Baba ya tsaya. Ya ce: "Malam, ban gaya wa kowa ba. Wa ya gaya musu?"

Na yi shiru. A makarantar horon malamai an koya mini riƙon alli da tsara darasi, ba a koya mini wannan ba. Na ce ya ba ni mako guda. Ga abin da na samo.

In ka kai kekenka kasuwa, mai gadi na ba ka ƴar takarda mai lamba. In ka dawo ka nuna, ya gane ka. Shafunan intanet ma haka suke yi. In ka shiga shafi, sai ya ajiye wata ƴar lamba cikin wayarka. Turawa na ce mata kuki. Wani saurayi mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro ta a 1994, yana aiki a kamfanin Netscape na Amurka. Tana da amfani, don ita ke sa shafi ya tuna da kai ba sai ka sake faɗin sunanka ba. Sai dai kamfanonin talla sun kafa ƴan rumfunansu cikin dubban shafuna. Duk inda ka shiga suka ga lamba ɗaya, sun san mutum ɗaya ne, sai su rubuta: jiya ya nemi magani, yau yana duba kokowa.

Wannan kuki da sauƙi. Tana cikin wayarka, kana iya share ta, kamar yadda kake yar da takardar mai gadi. Da mutane suka fara sharewa, sai masu talla suka nemi lambar da ba ta gogewa. Ita ake kira supakuki.

Dabara ta farko ɓoyo ce. A 2009 masu bincike na jami'ar Berkeley suka duba manyan shafuna 100. Suka tarar fiye da rabi na ajiye lamba cikin wata manhajar kallon bidiyo mai suna Flash, inda tsintsiyar mai shara ba ta kaiwa. Wasu shafunan ma, in ka share kuki, sai su ɗauko ta ɓoye su maido maka ita. Manomi ya san irin wannan, ƙuduji ke nan: ka tuge na sama, iri na cikin ƙasa yana jiran damina. An daina aiki da Flash a ƙarshen 2020, kuma a 2021 manhajar Firefox ta toshe da yawa daga cikin irin waɗannan maɓoya.

Dabara ta biyu ita ta fi tayar mini da hankali, don ba ta taɓa wayarka ma. Ka sa a ranka direba ɗaya ne ke ɗaukar duk wasiƙun garinku. Ka rubuta, ka liƙe, ka miƙa masa. Da ya fita gari sai ya tsaya, ya buga wata lamba a bayan kowace wasiƙa taka, lamba ɗaya kullum. Kai ba ka gani, don an buga ta bayan wasiƙa ta bar hannunka. Amma duk wanda ya karɓa yana gani. Ko ka share gidanka sau goma ba za ka same ta ba.

Wannan ya faru da gaske a Amurka. Kamfanin waya na Verizon, mai masu layi fiye da miliyan 100, ya fara yin haka a ƙarshen 2012. Duk lokacin da mai layi ya buɗe shafin da ba a kulle ba, kamfanin na liƙa wata doguwar lamba a kan saƙon yana kan hanya. Kusan shekara biyu mutane ba su sani ba, sai a watan Oktoba na 2014 magana ta fito fili. A watan Janairu na 2015 wani mai bincike na jami'ar Stanford, Jonathan Mayer, ya gano cewa wani kamfanin talla mai suna Turn na duba wannan lamba yana maido wa mutane kukin da suka share da hannunsu. Ka ga mutum ya ce ba ya so, ya yi abin da aka koya masa, amma an bi ta bayan gida. Kuma wanda ya buɗe ƙofar shi ne kamfanin da yake biya kuɗin layi duk wata.

A watan Maris na 2016 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci Verizon tarar dala miliyan 1 da dubu 350. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Aka kuma ce kada ya sake ba wasu kamfanoni lambar sai mai layi ya yarda. Kuɗin na da yawa a kunne. Amma a 2015 kaɗai kamfanin ya samu fiye da dala miliyar 130. A ganina wannan tara kamar a ci mai garken shanu tarar ƙwai ɗaya ne.

Ka lura da kyau, lambar ba ta karanta abin da kuka faɗa da ɗanka a waya. Sawunka take bi. Amma mai bin sawu ba ya bukatar ka yi magana. In ya ga ka shiga gidan likita, ka fito ka shiga gidan mai ba da bashi, ka wuce gidan alƙali, ai ya san halin da kake ciki fiye da maƙwabcinka. Makiyayi na tsaga kunnen saniya don ya gane dukiyarsa. Wanda ya sa wa ɗan Adam lamba bai tambaye shi ba, da wane ido yake kallonsa?

Da mako ya zagayo na duba wayar Baba. Tasa matsalar ƙarama ce: kuki na yau da kullum, da akwatin saƙonsa da jikan ya buɗe masa aka bari a buɗe. Muka share, muka fita daga akwatin. Na nuna masa yadda ake buɗe shafin sirri, wanda ba ya barin tarihi cikin waya. Na kuma gaya masa gaskiya: wannan na kare shi daga idon jika, amma kamfanin layi yana ganin inda ya je.

Washegari na rubuta haruffa biyar a allo: h t t p s. Ka duba saman waya, inda ake rubuta adireshin shafi. Wani lokaci sai ka taɓa wurin kafin farkon adireshin ya fito. In ka ga harafin s a ƙarshen waɗannan, saƙonka a kulle yake tafiya, direba ba ya iya buga lambarsa a ciki. Ya san gidan da za ka, amma bai san ɗakin da ka shiga ba. Yau mafi yawan manyan shafuna a kulle suke, shi ya sa dabarar Verizon ta rage ƙarfi. In http kawai ka gani, babu s, kada ka rubuta asirinka a wurin.

Ƴan aji suka kwafa cikin littattafansu. Wata mata ta ce wannan kalma ba ta da wasali, yaya za a faɗe ta? Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya rubuta haruffan a bayan katin layinsa, ya zagaye s ɗin sau biyu, ya mayar da katin cikin hula.